Safar Habu Ba Ta Ribas

Ku da kuka san hanyar Madadi a shekarun nan, ba sai na gaya muku abin da ake tararwa da hantsi a gonar Alhaji Isyaku ba. Habu Mai Safa ne, cikin 'yar sharar nan tasa da baƙin mai ya riga ya cinye, da guntuwar muciyar matarsa a hannu, yana zagaya motarsa yana ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya buga, ya karkata kunne, ya gyaɗa kai, ya wuce ta gaba. Tayoyi shida, kullum ta Allah, har ranar Sallah. In ka yi masa sallama zai amsa a gajarce, ya ɗaga maka yatsa, wato ka dakata likita na kan aiki.

In kuwa tsautsayi ya sa ka ce, "Malam Habu, ya mai jiki? Har yanzu a lalace take?" to ka janyo wa kanka. Zai sauke muciyar, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Ba ta lalace ba. Hutawa take."

Ni na fi kowa shan wannan amsa, don na fi kowa neman magana. Sunana Sabo, kuma taubashinsa ne ni, uwata da ubansa ciki ɗaya. Saboda haka ina da damar gaya masa maganar da in wani ne ya faɗa sai an shiga tsakani. Ina koyarwa a firamare a Garo a lokacin, kuma duk Asabar sai na hau kekena na nufi Madadi, wai gaishe da dangi. Wane dangi! Habu nake zuwa kunnawa.

Bari in ɗan koma baya saboda yaran da suka taso suka ga motar a gona, suka ɗauka tsirowa ta yi. Habu direban ma'aikata ne a Kano. Ranar da ya sami aikin nan, kansa ya yi girma, ya sayar wa yayansa Isyaku da kasonsa na gonar gado, ya rantse a gaban jama'a cewa shi da fartanya har abada. Ya yi shekaru yana zuwar mana da kaki mai karin guga, yana kiran mu mutanen karkara. Sai zamanin ostariti ya shigo, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi. Aka yi rage ma'aikata, sunan Habu ya fito, aka ce ya tashi daga gidan da aka ba shi. Muka ce to shi ke nan, zai dawo ya sunkuyar da kai, yayansa ya ba shi ɗakin soro, a wuce wurin. Alhaji Isyaku har ya sa an share ɗakin an yi masa sabon daɓe.

Ran wata Laraba sai muka ji rugugi daga hanyar Gwarzo, ga hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe sama. Yara suka watse, awaki suka tsinke igiya. Sai ga wata tsohuwar safa tana tangaɗi, wadda a da can ina jin shuɗiya ce. Wasu Turawa masu yawon ganin duniya ne suka keto hamada da ita, da suka iso Kano suka gaji da halinta, suka sayar suka hau jirgi. Sun cire kujerun ciki sun kafa gado, ga kabad, ga murhu, ga tankin ruwa, har da wani ɗan makewayi da ko juyawa ba ka iya yi a ciki. Duk abin da aka sallami Habu da shi, a nan ya zuba. Ga shi a bayan sitiyari yana washe baki, ga matarsa Dije a gefe da tukunya a cinya, fuskar nan tata a haɗe.

Bai tsaya a ƙofar gida ba. Ya wuce soron da aka share masa, ya miƙe ya shige gonar Alhaji, ya ja birki a gindin ɗorawar da ke bakin yamma, inda ubansu yake hutawa a da.

"Habu, mene ne wannan?" in ji Alhaji.

"Gida ne, Yaya."

"Gida? A gonata?"

"To mota ce."

"Kai, mota ce ko gida?"

"Wanda zai sa ka bar ni a nan, shi ne."

Magana ta kai gaban mai unguwa. Kar ku ɗauka mugunta ce ta Alhaji, Allah ya sani ba mugu ba ne, tsoro ne irin na mai gona. Kowa ya san in ka bar mutum ya kafa gida a filinka, bayan shekaru sai ka ji 'ya'ya da jikoki na cewa nasu ne. Mai unguwa ya saurari kowa, ya yi ta shafa gemu, sannan ya yanke: baƙo mai mota yana iya tsayawa a gonar ɗan'uwansa, amma gini ba ya tsayuwa sai da yardar mai ƙasa. Saboda haka duk shekara, in an kwashe dawa, za a auna tsawon motar da igiya, a miƙa igiyar gaba, a kafa turke. In ta tashi ta kai turken, mota ce, Habu ya ƙara shekara. In ta ƙi, ta zama gini, a kira 'yan gwangwan su yanka ta, shi kuma ya koma soro.

Alhaji ya ce, "A ƙara da wannan, ranka ya daɗe. Ba turi, ba jan shanu. Da injinta za ta je."

Habu ya ce, "Na yarda. Ranar da na kwana a soron nan kuwa, a yanka rago a sake mini suna."

A kan wannan aka watse, kuma a kan wannan Habu ya rayu sauran kwanakinsa. Ba dukiya yake karewa ba, me ya mallaka? Kawai ba ya so ya zama abin a-taimaka a zauren wansa, kuma yana so ya farka da safe ya ga ƙasar ubansa, wadda ya sayar da hannunsa.

Shekarar farko ba a sha wahala ba. Ya murza makulli, ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi, ta taka har turke. Yara suka yi ihu. Alhaji ya ce, "To na gani. Mai da ita inda take."

Habu ya kama giya ya ja, ta yi wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya sake ja, ta sake yi. Ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, wannan motar ba ta san baya ba. Turawan ma gaba suka yi ta yi da ita."

Ashe ribas ɗinta ya mutu tun a hamada! Gonar kuwa kun san ta, doguwa ce siririya, safa ba ta iya juyawa a ciki sai ta taka ta maƙwabta. Ni da yake lissafi nake koyarwa, nan take na karɓi igiyar na yi ta aunawa har shingen adurukun da ke bakin gabas. Na dawo na ce, "Taubashi, albishirinka. Saura tsawon mota goma sha shida ka faɗa shinge. Daga nan sai ina?"

Ya ce, "Kai wa ya nuna maka takardar da aka rubuta zan wuce haka?" Muka yi ta dariya, har da Alhaji.

Abin da Habu bai sani ba, motar da ke tafiya sau ɗaya a shekara ta fi mai zuwa Kano kullum cin rai. Gara ta gano katakon ƙasa, ta yi ta aiki a ɓoye, har ranar da Dije na tuƙa tuwo ƙafarta ta zurma, ta tsinci kanta tana taka kaza. Ɓeraye suka mai da wayoyi abin kalaci. Da damina rufi ya riƙa yoyo, Habu ya dafa kwalta ya shafe, da rani kwaltar ta narke ta riƙa ɗiga a kan gado. Batir kuwa sai an ɗaura shi a bayan kekena an kai Gwarzo caji, ya ci mini wanduna biyu da ruwansa, har yau ban yafe ba. Rana ta fasa tayoyi, shi ya sa ya ɗinka musu riguna da buhu, yake kuma bin su da muciya.

Kayan gyara fa? A nan ake yin ta. Akwai wani bakanike a Gwarzo, Tanimu, mutum mai haƙurin gaske, wanda Habu ya mayar kamar ɗan gida. Duk abin da ya ɓalle sai ya naɗe shi a tsumma ya kai masa. Wata rana ina wurin, Tanimu ya juya wani ƙarfe a hannu, ya juya, ya ce, "Malam Habu, wanda ya ƙera wannan, jikansa ma ya rasu."

"To a nemo tattaɓa-kunnen."

Da fambel ya tsinke aka rasa irinsa har Kano, Habu ya tafi Kabo wurin wani baduku, ya sa ya yanka masa na kirgi. Badukun ya tambaya, "Na doki ne ko na raƙumi?" Habu ya ce, "Na giwa." Kuma wallahi ya yi aiki shekara huɗu, illa dai in injin ya yi zafi sai karnukan unguwa su taru suna shinshine.

Amma duk cikin gyare-gyaren nan babu kamar na lagireto. Saura kwana biyu a kafa turke, sai aka ga ruwa na tsiyaya a ƙasan mota. Tanimu ya zo ya duba, ya ce sai an ciro an kai birni an liƙe. Habu ya ce ba inda za a kai, ba za a taɓa aljihunsa a kan ɗan ƙaramin rami ba. Wai wani tsohon direban babbar motar kaya, wato roka, ya taɓa gaya masa cewa in ka zuba garin kuka cokali ɗaya a lagireto, yauƙin sai ya bi ya toshe ramin.

Na ce, "Cokali ɗaya fa ya ce."

"Shi rokarsa ƙarama ce."

Ya faki idon Dije ya ɗauko ƙwaryar kukarta gaba ɗaya ya juye. Abin da bai lura ba, ta riga ta dake ta da daddawa da barkono don saurin miya.

Ranar turke jama'a suka taru. Alhaji ya zo cikin farar shaddarsa, ya tsaya daf da hancin mota, wai kar a yi masa coge. Injin ya tashi, ya yi ta ɗumama. Can sai mai unguwa ya ɗaga hanci ya ce, "Wa ke girki a nan kusa?" Bai rufe baki ba murfin lagireto ya yi sama, fau! Wani koren abu mai yauƙi ya yi tsiri, ya sauko a kan Alhaji tun daga hula har takalmi. Habu kuwa ko a jikinsa, ya taka totur, mota ta ja jiki ta dungure turke.

Alhaji na tsaye yana ɗiga. Sai Dije ta leƙo ta taga, ta dubi mijinta, ta dubi wan mijinta, ta ce, "Da kun gaya mini tun da wuri ai da na tuƙa tuwo."

Kar ku tambaye ni yadda na koma Garo ran nan. Sau biyu ina sauka daga keke saboda dariya.

Sai kuma shekarar jinka. Duk wanda ya taɓa shiga motar nan da bazara ya san abin da nake nufi, in ka ajiye man shanu kafin ka juya ya zama ruwa. Dije ta ce ita ba gurasa ba ce, ko a yi wani abu ko ta tafi wurin 'yarsu a Kabo. Habu ya yanko ciyawa, ya kafa tanka a kan rufi, ya baibaye shi tsaf. Ciki ya yi sanyi kamar randa. Kwana biyu sai ga Alhaji da mai unguwa, Alhaji na tafe yana murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Ranka ya daɗe, ga shi da idonka. Abin da aka yi wa jinka ai ɗaki ne. Magana ta ƙare."

Mai unguwa ya ɗaga kai ya duba. "Habu, me za ka ce?"

"Ranka ya daɗe, kaya ne. Lodin ciyawa na ɗauko."

"Ina za ka kai?"

"Can bakin shinge."

"Yaushe za ka isa?"

"Ina kan hanya, ranka ya daɗe. Titin ne ba kyau."

Mai unguwa ya sa bakin rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu ya nutsu sai ya ce shi dai bai taɓa jin an hana direba ɗaukar kaya ba. Alhaji ya yi ƙwafa ya tafi. Amma ranar Juma'ar da ta biyo, da zafi ya tsananta, ni da idona na gan shi zaune a ƙofar motar yana shan furar Dije, wai ya zo duba iyaka ne.

Wannan zancen kan hanya ya shiga kan Habu sosai, har ya kai shi gaban liman. Bayan la'asar ne, muna zaune a ƙofar masallaci, ya gyara murya ya ce, "Allah gafarta Malam, mutumin da ke kwana a mota ya tashi a mota, ai matafiyi ne ko? Ina ganin kasaru ta kama ni."

Liman, Allah ya jiƙansa, bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Ina ka nufa?"

"Gabas."

"A rana kana cin kamar mil nawa?"

"A rana dai ba na ce ba. Amma a shekara ina yin taku goma sha biyar."

"To cika sallarka, Habu. Ranar da ka fita daga gonar, ka zo mu sake magana."

Ba wai da gaske yake ba, kun san shi, sahun farko ba ya wuce shi. So yake kawai a ce ko liman ya shaida mota ce.

Wannan son shaidar ne ya kai shi ya baro lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a. Kun tuna yadda motocin haya suka koma, maza a gaba, mata a baya. Ba wanda ya zo wurin Habu, ba wanda ya ce masa kanzil. Shi da kansa ya aiko a karɓo masa alli a wurina, ya ja layi a ƙasan mota daga wannan bango zuwa wancan, daidai bayan kujerar direba. Ya rubuta MAZA a gaba, MATA a baya, ya kira mutane su zo su gani. Yana ta cewa, "A gaya wa Yaya, gida ake wa wannan? Mota ce, tana bin doka!"

Dije ta tsaya ta kalli layin, ta kalli abin da ya faɗo ɓangarenta: gado, murhu, randa, buhun gero, makewayi. Ta kalli nasa: sitiyari da kujera ɗaya mai tsinin waya. Ta ce, "Madalla. Allah ya ƙara wa Shari'a albarka."

Da na zo ran Asabar na tarar da taubashina wuya a sanƙare, kwana uku yana barci a zaune. Abinci ma daga nesa take miƙo masa a bisa faifai. Na zauna a bakin ƙofa don kar komai ya wuce ni.

Ya sassauta murya ya ce, "Haba Dije, ke ma kin san wannan tsarin na motar haya ne. Mutum da iyalinsa a cikin gidansa ai..."

"Au! Gida ne yanzu? Malam Sabo, don Allah taimaka ka kira mana Alhaji ya zo ya ji da kunnensa."

Habu ya yi wuf ya ce, "Zauna, Sabo! Zauna don girman Allah!"

Sai da ya saya mata sabuwar muciya a kasuwar Gwarzo, maimakon wadda ya ɗauke mata tun shekarar farko, sannan ta jiƙa tsumma ta goge layin.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, mota na matsawa gabas kaɗan-kaɗan. Ranar turke ta zama kamar wani ɗan biki. Mutane na zuwa har daga Kabo. Alhaji kan zo da kujerarsa, ya kuma taho da wani ɗan gwangwan da gatarinsa, wai ko da za a dace. Mutumin nan tun yana zuwa da niyyar ciniki har ya koma zuwa don fura. Wani abu kuma da kowa ya lura amma ba mai faɗa a gaban Alhaji: duk inda motar ta shekara, awaki da kaji da tumakin maƙwabta sun kwana a ƙarƙashinta, ga toka, ga ruwan wanke-wanke. In ta matsa aka shuka wurin, dawar da ke fitowa sai ka ɗaga kai. Tsakiyar gonar nan ta zama wani dogon layi kore shar, ana hango shi daga hanya.

Mai unguwa ya rasu, ɗansa ya gaje shi, ya gaji igiyar ma. Mu duka muka yi furfura. Ni kuwa duk shekara sai na sanar da Habu saura nawa, don in ji me zai ce. Da ya rage saura uku na daina, don abin ya bar ba ni dariya.

A shekarar ƙarshe ciwo ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, ido ya yi rauni, zagayen tayoyi ma sai yana dafa jikin mota. A cikin daminar nan kuma ruwa ya shiga injin. Tanimu ya kwana biyu yana fama, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sabo, ta buga. Ko wanda ya ƙera ta ya dawo duniya ba za ta tashi ba." Na shiga na sami Habu a kwance. Na ce, "Taubashi, bari in je in yi wa Alhaji magana. Ɗan'uwanka ne, ba zai ƙi ba."

Ya ce, "Shekara goma sha shida ban roƙe shi ba, sai yau? Ka bar ta. Hutawa take."

Aka kwashe dawa, aka auna igiya, turke ya faɗa daidai gindin aduruku. Ni da Tanimu muka ɗaga Habu muka zaunar da shi a kujerar direba. Ya sa tsohon kakinsa, wanda Dije ta goge masa da dutsen guga na gawayi. Jama'a sun cika gona, amma ba mai wasa ran nan. Ya yi bisimilla ya murza makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas. Ya jira, ya shafa sitiyari, ya sake na uku, ko ƙas ɗin ma ba ta yi ba.

Ya sauke hannu daga makulli. Sannan ya juya ya ce a hankali, "Dije, haɗa kayanki."

Wallahi ban taɓa jin abin da ya karya mini zuciya kamar kalmomin nan ba. Na rasa inda zan sa idona.

Sai na ga Alhaji Isyaku ya miƙe daga kujerarsa. Mutum ya haura saba'in, da sanda yake tafiya. Ya jingine sandar, ya tuɓe babbar riga ya ninke ya ɗora a kan kujera, ya taka ya zagaya bayan mota, ya sa kafaɗa. Ya waigo ya harare ni.

"Kai Sabo, tsayawa za ka yi kana kallona kamar wani soko?"

Na ruga. Tanimu ya ruga. Kafin ka ce me, duk wani namiji da ke gonar nan ya sa hannu, har da ɗan gwangwan, ya yar da gatarinsa. Tayoyi sun nutse a ƙasa, muka yi ta nishi, muna salati. Ta girgiza, ta yi ƙugi, ta motsa. Jinka na zubo mana da ƙura a ka, kaji na tsalle daga ƙasa. Muka yi ta turawa har muka ji hancinta ya taɓa aduruku, turke ya kwanta.

Sabon mai unguwa ya matso, yana ta murza igiya a hannu, don yaro ne mai tsoron a ce ya karya ƙa'idar ubansa. Ya ce, "Alhaji, sharaɗin da ka sa da bakinka ya ce ba turi."

Alhaji na haki, gumi na zuba, ya ce, "Wa ya yi turi? Ni gajiya na yi na jingina. Waɗannan kuma zuwa suka yi su riƙe ni kar in faɗi."

Mai unguwa ya dubi jama'a, kowa ya ce haka aka yi. Ya ce to shi ma abin da ya gani ke nan, mota ce.

Alhaji ya lallaɓa ya zo gefen taga. Suka dubi juna, tsofaffi biyu. Hawaye na bin fuskar Habu, bai ko share ba. Can ya ce, "Yaya, ka ji yadda injin nan ya yi laushi kuwa? Ko ƙara ba ta yi."

Alhaji ya ce, "Na ji. Tanimu ya iya aiki."

Habu bai kai damina ba. Ya cika ran wata Alhamis da hantsi, a kan gadon Turawan nan, a gonar ubansa, kuma bai taɓa kwana a soro ba, ba a sake masa suna ba. Maƙabarta tana gabas da gonar, kun sani, saboda haka maimakon a zagaya ta hanya sai Alhaji ya sa aka sare aduruku biyu, muka fita da shi ta gaban motarsa. Muna tsallake shingen, liman, wanda shi ma tsufa ya riga ya rusuna da shi, ya kama hannuna ya ce, "Malam Sabo, yau kam ya fita daga gonar." Na so in yi dariya, kuka ya zo.

Dije ta koma wurin 'yarta a Kabo, ta tafi da guntuwar muciyar. Ɗan gwangwan ya dawo sau biyu, Alhaji ya ce masa ba ta sayarwa ba ce, hutawa take. Tana nan har gobe da hancinta a shinge, kurciyoyi sun yi gida a jinkar. In kun bi hanyar da damina ku duba tsakiyar gonar, layin nan bai ɓace ba, dawarsa ta fi ta ko'ina tsawo, tun daga gindin ɗorawa har bakin gabas. Mutumin da ya rantse shi da noma har abada, ba wanda ya yi wa gonar nan taki kamarsa.

Ni dai Asabar ta zame mini ranar banza, ba ni da wanda zan tsokana. Allah ya jiƙan Habu, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa na wasa. Allah ya sa ya isa masauki lafiya, ya ba shi gidan da ba yoyo, ba gara, ba mai cewa ya matsa. Ya jiƙan Alhaji Isyaku da liman da suka bi bayansa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.